Yadda Na Sa wa Bahar Gishiri

Kakana ya taso daga ƙasar Kano zai tafi Makka a ƙafa. Da ya iso bakin kogin nan, lokacin ana kiran N'Djamena Fort-Lamy, sai ya ce bari ya ɗan huta. Har yau hutawar muke yi. A cikin jikokinsa ni na gaji gajiyar nan cikakkiya. Ta arewa ban taɓa wuce yankin tafkin Chadi ba, ta yamma ban wuce Kuseri ba, amma shekara uku cur na yi a kan kujera mai majingina a ƙofar shagona da ke unguwar Marjandafak, ina yi wa mutane bayanin duniya.

Karatuna ba shi da wuyar faɗa. Na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara biyu, duka a aji ɗaya. Kalma guda na fito da ita, "farzan", wadda ake faɗa in malam ya kira sunanka, ita ma sau da yawa wani ne ke faɗa mini ita ina can bakin ruwa. Babana ya duba ya ga gwamnati ba za ta amfana da ni ba, ya ja ni cikin sana'arsa ta fataucin kanwa. Da ƙarfina ya ja baya na zauna wuri ɗaya ina sayar da bokiti da buta da tabarmar roba, kuma shi nake yi har gobe.

Majalisarmu tana zama bayan la'asar, ƙarƙashin dalbejiyar da ke gaban shagon. Akwai tela, akwai direbobin manyan motoci 'yan Nijar da ke zuwa su koma, akwai kuma mai banda, mai sayar da ƙyafaffen kifi, abokina tun ƙuruciya, wanda iyayensa Sarkawa ne, a cikin kwalekwale aka yaye shi. Kowa a tabarma yake zama in ban da mutum ɗaya. Kujerar ta wani dattijo ce da ya yi yawon duniya da gaske, in gardama ta yi zafi shi ake juyawa a kalla. Da Allah ya karɓi abinsa, kujerar ta daɗe ba kowa. Ba wanda aka hana zama, sai dai duk wanda ya zauna za a tambaye shi, kuma mutanenmu ba su da tausayi.

Abin da ya ɗora ni a kanta wani shiri ne da ake ji ta waya, wanda masu karatu ke kira fodkas. Na san tarihinsa tun daga tushe, don a cikin danginmu aka haife shi.

Ɗiyar ƙanwata ta yi karatun haɗa magani, tana da farmasi a unguwar Butalbagar. Uwarta, wato ƙanwar tawa, mace ce da in aka ba ta magani na kwana bakwai, ranar da ta ji sauƙi sai ta ɗaure sauran a bakin zane ta ajiye wa maƙwabta. Yarinyar ta gaji da faɗa, ta ɗauki waya ta yi mata saƙon murya mai tsawo, ta bayyana mata yadda ƙwayoyin cuta ke yin lamo su sake tasowa in ba a gama da su ba. Ƙanwata ba ta daina ɗaure magani ba, amma bayanin ya yi mata daɗi, ta tura wa ƙawayenta na biki. Su suka tura Maraɗi, Maraɗi ta tura Kano. Bayan wata biyu saƙon ya dawo wa mai shi ta hannun wata baƙuwa da ta shigo sayen maganin tari, tana miƙa mata waya tana cewa, "Ke da kike sayar da magani, saurari wannan likitar, daga Masar take, ki ƙaru."

Abokin aikin ɗiyar tawa tsohon malamin lakwal ne daga Damagaram, wanda ya yi ritaya ya biyo 'ya'yansa nan, ya gina gida can Gassi inda gari ya ƙare. Mutanen Nijar Mushe suke ce wa malamin boko. A Hausar da na gada kuwa mushe shi ne abin da ya mutu ba yanka, kuma da yake ni jinin Kano ne shi Badamagare, akwai wasa tsakaninmu, ban taɓa barin wannan ta wuce ba. Ya shiga farmasin ne sayen maganin hawan jini, ya tarar tana naɗar saƙo na biyu, ya tsaya ya gyara mata kalma ɗaya. Ta ce ba haka ba ne. Ya ce haka ne. Suka yi ta yi har masu saye suka yi layi, wayar kuma tana ɗauka. Lokacin ba ta iya yanke murya ba, sai ta tura shi yadda yake. Aka wayi gari mutane suna shigowa ba don magani ba, sai don su tambaya, "Yaushe za ki sake faɗa da tsohon nan?"

Haka shirin ya tsaya da ƙafarsa. Kowace Laraba Mushe zai shiga kar, wato motar haya, daga Gassi, ya sha matsi da tsaye-tsaye har ya iso, su shige ɗakin ajiya na bayan farmasin, su zauna tsakanin kwalaye, su jingina katifa a taga saboda ƙarar masu kalando, wato 'yan acaɓa. Tambaya ɗaya suke ɗauka a mako, daga cikin waɗanda masu sauraro suka aiko. Me ya sa albasa ke sa hawaye. Me ya sa wata ke bin mai tafiya. Daga ina shaƙuwa ke fitowa. Mushe shi ke kawo littafi da manyan kalmomi, ita kuma ta kawo almakashi. In ya hau bayani ya yi nisa ba numfashi, sai ka ji ta ce, "Mushe, a taƙaice." Matan unguwa har sun ɗauki maganar suna faɗa wa mazajensu. Ranar Asabar da safe shirin ke fita.

Ita ta sa mini shi a waya, ta haɗa mini da ɗan abin kunne marar igiya, ta ce, "Kawu, ka riƙa ji, ya fi zaman gulma." Na ce mata ni na wuce wasan yara. Tana fita na saka shi, na ja kadamul, rawanin nan namu na Chadi, na rufe kunnen ruf. Mai saye ya zo yana taya bokiti, ni ina can cikin albasa, ina gyaɗa masa kai.

Da la'asar ɗin ranar, Allah da ikonsa, tela ya zo yana murza ido, ya ce an kore shi daga gida da yankan albasa. Na gyara murya na ce, "Ai wani tururi ne ke tashi daga jikinta in wuƙa ta shiga. In ya haɗu da ruwan ido sai ya zama yaji, ido kuma ya kawo ruwa don ya wanke kansa."

Mai banda ya ce, "Kai, ina ka samo wannan?"

Na ce, "Wani Bature ne ya gaya mini a tafki, zamanin kanwa."

Wannan Baturen uwarsa ba ta taɓa haihuwarsa ba, amma ya yi mini aiki fiye da 'ya'yan cikina. Shi ya gaya mini dalilin tsawa. Shi ya gaya mini abin da ke cikin tozon raƙumi. Wahalar kawai ita ce kowace Asabar sai na san yadda na karkato hirar zuwa tambayar makon, ko da kuwa ana maganar rasuwa ne. A mako na uku na zauna a kujerar, kamar wanda ƙafa ke damu. Ba wanda ya ce in tashi. Tun daga nan in an yi gardama ni ake kallo, in kuma tambayar ba ta cikin abin da na ji, sai in lumshe ido in ce, "Wannan magana ce mai zurfi, ku bar ni da ita." A zatona ba wanda ya san da shirin a majalisar.

Aibin Mushe ɗaya ne, ba ya fara magana sai ya gai da duniya. Zai gai da mutanen Gassi, na Diffa, na Agadas, direbobi, masu jego, marasa lafiya, da wanda ya matsa masa ya zauna a kar. Ni kuma ɗan kasuwa ne. Na koyi sa yatsa in ja shirin gaba, in tsallake gaisuwar in sauka daidai inda naman yake.

Wata Asabar, cikin zafin bazara, na ja na sauka a kan muryar Mushe yana cewa, "Saboda haka ruwan bahar gishiri ne, wanda ya sha ba zai kashe ƙishi ba, sai ma ya ƙara. Ruwan sama ne ke wanke duwatsu, koguna su kwaso gishirin kaɗan-kaɗan su zuba a cikin bahar, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin."

To a garin nan, ko Hausa kake yi ko Larabcin kasuwa, in ka ce bahar abu ɗaya kake nufi, kogin Shari da ke bayan gari. Mata su tafi wanki bahar, a sayo kifin bahar, a ce bahar ya cika bana. Kalmar teku na san ta, amma a wurina abin mutanen Legas ne. Ban taɓa sanin cewa a littattafan Mushe bahar shi ne teku ba. Da ya ce koguna na zuba a ciki ma, sai na ce lallai, ga kogin Logon nan yana zuba a gaban idonmu.

Ni fa na yi iyo a bahar ɗin nan tun ban san wando ba. Na sha ruwansa da gangan, na sha ba da gangan ba. Amma da waya ta ce gishiri ne, ban zargi waya ba, harshena na zarga. Na ce ƙila shayi mai sukari ne ya kashe shi.

Da la'asar na jira aka zuba shayi zagaye na farko, na jingina, na ce, "Kun san kuwa ruwan bahar gishiri ne?"

Mai banda ya ajiye kofinsa a hankali. Ya ce, "Wane bahar?"

"Bahar nawa gare mu?"

"Wannan na bayan gari? Wanda aka yi wa uwata wankan jego da shi?"

"Shi."

"Baturen naka ne ya faɗa?"

"Da bakinsa."

"To a wane asibiti aka ɗaure shi daga baya?"

Aka kwashe da dariya, har wani direba ya ƙware da shayi. Mai hankali a nan zai ce wasa yake yi. Ni kuwa sai na ɗaga yatsa na ce gishirin ba a sama yake ba, yana can ƙasa a tsakiya, inda nauyinsa ya kai shi. Wannan ba Mushe ya faɗa ba, ni na ƙera shi nan take, har na ji daɗin kaina. Na ce wa mai banda, "Duk shekarun da ka yi kana su, ka taɓa lasar ƙasan kogi?"

Ya ce, "Ban taɓa ba. Amma ranar Juma'a kai za ka lasa. Ƙanina yana da kwalekwale. In an sauko masallaci mu shiga tsakiya, mu ɗaura wa kwalba dutse mu zura. In da gishiri, kullum ni zan riƙa goge maka kujerar nan da hulata. In babu, ka sauko tabarma ka zauna kusa da ni, in riƙa jin ƙanshin ilmin naka kurkusa. Kalas, magana ta ƙare?"

Idanu duk suna kaina. Na ce, "Kalas."

Tsakanin Asabar da Laraba na sake jin shirin sau uku, kowane karo ina tsallake gaisuwar. Maganar ba ta canza ba. Amma ɗanɗanon ruwan nan ma bai canza ba a bakina. Ranar Laraba na rufe shago na hau kalando zuwa Butalbagar.

Na same su a ɗakin kwalayen, Mushe bai daɗe da isowa ba, yana fifita da littafi yana zagin kar. Yana ganina ya ce, "A'a, Bakano! Maganin wayo ka zo saye? Ya ƙare."

Na ce, "Mushe na zo gani. An ce a ɗakin magani ake ajiye shi don kada ya dami unguwa."

Ɗiyar tawa ta kawo mini kwali na zauna. Ta ce, "Kawu, lafiya dai?"

Na ce, "Ku kuka ce ruwan bahar gishiri ne?"

"Mu muka ce."

"To na faɗa a majalisa, an yi mini dariya, kuma jibi za a kai ni tsakiyar ruwa in sha."

Ta ce, "Ka ce musu a shirinmu ka ji?"

Na ce, "Na dai faɗa."

Ba ta ƙara tambaya ba, yarinyar uwarta ce wajen gane mutum. Ta ɗauki wayarta ta kunna shirin daga farkonsa, ta sa ni na zauna na ji gaisuwar Mushe tun daga Gassi har Agadas. Yana gamawa sai ga muryarta, tar da ita: "Kafin Mushe ya ɓatar da mutanen N'Djamena, in kun ji ya ce bahar, teku yake nufi, babban ruwan da manyan jirage ke ratsawa. Ba Shari ba. Kada wani ya je ya ɗebo ya zuba a miya."

Mushe ya yi dariya har tabaraunsa ya faɗa cikin kwalin auduga. Da ya samu numfashi ya ce, "Ka ga abin da raina gaisuwa ke jawowa."

Na bar shi ya gama. Sannan na matso kusa da ita na rage murya. Na ce, "Ɗiyata, abu kaɗan nake so. Ki yi mini saƙo gajere, da muryar likitar Masar ɗin nan, ki ce Shari ma yana da ɗan gishiri ta ƙasa. In kunna musu a bakin ruwa, a fasa shiga. Ni na yi miki huɗuba ranar sunanki."

Ta ce, "Kawu, mutane suna jin mu ne don ba mu taɓa yi musu haka ba. In na yi maka yau, gobe da wane baki zan ce wa Inna ta shanye maganinta?"

Mushe ya mai da tabarau, ya ce, "Amma a ilmance, Alhaji bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Kowane kogi yana ɗauke da ɗan gishiri."

Na ce, "Mushe, ashe da ranka!"

Ta ce, "Gishirin da harshe ba ya ji. Kada ka ba shi igiya, Mushe."

Ya ce ai wannan ma ita ce tambayar ranar. Wani direba daga Diffa ya ji shirin da ya wuce, ya aiko yana cewa, in haka ne, me ya sa tafkin Chadi ba gishiri ba ne? Shari na zuba a ciki, ba kogin da ke fita, rana kuma tana sha. Mushe ya buɗe littafinsa ya fara karanto wata kalmar Faransanci mai tsawon igiyar guga, ya juya ta Hausa ta ƙi juyuwa, ya koma ya sake. Na ga yana wahala.

Na ce, "Wannan ce tambayar? Ai ta ƙasa yake fita."

Suka juyo. Ni kuma na manta da abin da ya kawo ni. Na gaya musu yadda babana ya kai ni can ina saurayi, arewa maso gabas da tafkin, bayan tuddan rairayi. Akwai kwaruruka a wurin da ba kogin da ke shiga cikinsu, amma in ka tona kaɗan sai ruwa ya taso. Ruwan tafki ne ya biyo ta ƙarƙashin rairayi. Rana ta sha ruwan, ƙasa ta yi fari fat kamar an barbaɗa gari. A nan ake haƙar kanwa. A tona rami a bar ruwan ya tsaya har ya daskare, sannan a shiga da ƙarfe a fasa, a fito da ita allo-allo. Ƙafafun masu haƙar duk sun tsattsage, suna naɗe su da tsumma. Babana yakan ce tafkin nan dabba ce mai tsabta, ba ta kwana da dattinta, ta baya take fitar da shi, mu kuma mu kwashe mu sayar wa masu shanu da masu tuwo. Na gaya musu bambancin wadda ake ba raƙuma da wadda mata ke jefawa a wake, da yadda ake gane kanwar ungurnu mai kyau da lasa ɗaya: ta ciji kan harshe sannan ta yi sanyi, ba ta barin rairayi a haƙori.

Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Abin da na lura da shi daga baya, ko sau ɗaya ba ta ce mini a taƙaice ba. Mushe ya rufe littafinsa ya ce, "Abin da mai littafin nan ke ta ƙoƙarin faɗa ke nan tun shafi huɗu da suka wuce."

Ta nuna mini wayar da ke kan kwali, ashe tana ɗauka. Ta ce, "Kawu, in ka yarda wannan zan sa ranar Asabar. Amma sai na fara da yadda aka yi ka zo."

"Har da bahar?"

"Har da bahar. Mu ma da laifinmu, Mushe ya riƙa cewa teku kamar kowa."

"Har da Bature?"

"Wane Bature?"

Na ce a bar maganar, zan yi shawara.

Shawarar da na yi ita ce, ranar Juma'a da safe na shiga madafa na ɗebi gishiri cikin tafin hannu, na ƙulle a takarda, na cusa a naɗin kadamul daidai saman goshi. Dabarar mai sauƙi ce. In an jawo kwalbar zan karɓa, in yi kamar ina gyara rawani, in zuba. Duk wa'azin liman na ranar a kan gaskiya ne, na yi kamar da na kusa da ni yake.

Da aka sauko, majalisa gaba ɗaya ta rako mu bakin ruwa, har da waɗanda ban taɓa gani sun sha shayinmu ba. Muka shiga mu uku, ni da mai banda da ƙaninsa mai tuƙi. Rana tana tsakar ka, ba iska ko kaɗan, ruwan kuma yana mai da hasken a fuska. Kafin mu yi rabin hanya gumi ya jiƙa kadamul. Takarda ta narke. Na fara jin wani abu yana gangarowa ta gira, sannan ya shiga ido.

Albasa wasa ce. Na runtse, na buɗe, na goge da hannun riga, sai ƙari yake. Hawaye suka ɓalle har gemu. Ba damar in taɓa rawanin, ba damar in ce ga abin da ke damuna. Ina zaune a tsakiyar bahar ina kuka kamar wanda aka yi wa rasuwa.

Mai banda ya zura kwalbar ya jawo ta cike. Ya juyo zai miƙo mini, sai ya ga fuskata. Ya tsaya. Ya dubi mutanen da ke can bakin gaɓa, ya sake dubana, ya rage murya.

Ya ce, "Kai tsoho, kujera ce fa kawai. Share idonka. In ka ga dama in saki kwalbar nan, mu koma in ce musu igiyar ta tsinke."

Mutumin da ya kwana shida yana wasa wuƙarsa a kaina, shi ne zai yi mini ƙaryar da ɗiyata ta ƙi yi. Na karɓi kwalbar na kafa kai na sha, na wanke ido da sauran. Na ce, "Ruwa ne mai daɗi, yadda na san shi." Sannan na warware kadamul na shimfiɗa masa a gwiwa. Ga jiƙaƙƙiyar takarda, ga ɗan abin kunne da ya faɗo daga wancan gefen.

Ya dangwala yatsa a rawanin ya lasa. Ya ce wa ƙaninsa, "Juya mu koma. An samu gishiri a tsakiyar bahar."

A bakin gaɓa na faɗi komai a tsaye, kaina ba rawani: shirin, da Mushe, da gaisuwar da nake tsallakewa, da Baturen da ba a haifa ba. Na jira a yi mini ihu. Sai wani direba ya sosa ƙeya ya ce, "Alhaji, ai mu a hanya muke jin shirin tun kafin ka buɗe shago. Mun yi shiru ne don naka ya fi daɗi. Ba gaisuwa, ga kuma Bature." Tela ya ce shi ma matarsa ba ta wuce Asabar, ita ce ma ta fara ce masa a taƙaice.

Ashe mutum ɗaya ne kawai bai sani ba. Mai banda wayarsa ta kira ce kawai, mai madannai. Shekara uku yana gardama da ni, amma ya yarda akwai Baturen, har ya taɓa tambayata ko mutumin yana cin kifi. Muna tafiya gida ya ce, "Duk garin nan ni kaɗai na yarda da kai, ni kaɗai ka yi wa ƙarya." Amsar wannan ba ta cikin shirin kowane mako.

Da yamma na kira ɗiyar tawa na ce, "Ki sa. Har da Bature, zan aiko miki da labarinsa."

Washegari bayan la'asar na ɗora wayar a kan kujera, na jingina ta da majinginar, na sauko tabarma kusa da mai banda. Muka ji shirin tun daga farko, ba wanda ya taɓa yatsa. Mushe ya gai da Gassi, ya gai da Diffa, ya gai da Agadas, sannan ya gai da "wani Bakano na Marjandafak da ya fi amincewa da kunnensa a kan harshensa." Da aka zo wurin kanwa majalisa ta yi shiru irin wanda ban taɓa samu ba a kan kujera. Mai banda ya zungure ni ya ce, "Wannan kuma wane Baturen ne?" Na ce, "Wannan babana ne." Ya ce, "Shi na san shi."

Yanzu kujerar ta waya ce ranar Asabar, sauran kwanaki kuma butar shayi ake ɗorawa. Mushe ya koma cewa teku, amma duk sanda ya faɗa sai ya yi ɗan tari, don in san da ni yake. Rigunana duk warin banda suke yi, matata ta daina tambaya. Mushe da ɗiyar tawa sun yi mini alkawari in aka sake aiko tambaya a kan kanwa za su kira ni. Ba a sake aikowa ba. Na aika sau biyu da kaina, na toshe hanci na sauya murya, ɗiyar tawa ta amsa da cewa, "Kawu, ina gaisuwa."

Saboda haka a majalisa nake jira. Jiya tela yana ba da labarin waken da aka dafa a gidan suna, wai ya ƙi nuna har baƙi suka watse. Na gyara zama a tabarma na ce, "Wace irin kanwa aka sa?" Mai banda ya ɗaga kai sama ya ce, "Ya Allah, ga ta nan kuma." Amma bai tashi ba.